Rarar Rigar Yaya

Masu cewa in daina kewaye-kewaye in faɗi abin da ya faru tsakanin Yayata da saurayinta, na ji ku. Yau zan faɗa. Sai dai ku yi haƙuri mu bi ta shagon ɗinki da wata waƙa marar kiɗa, don ta nan maganar ta biyo.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ne auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana har da yaran da na girma. Makaranta ba korata aka yi ba, fita na yi shan iska ban koma ba. Na yi wankin mota, na yi gyaran waya, na yi yaron babbar mota har sai da na gane ba na son tafiya, zama ne kawai ba na so. Yanzu ina shagon wani tela da muke kira Oga, kuma ban taɓa daɗewa a wuri kamar nan ba. Mama har ta daina tambayata da safe ko yau ma zan je.

Oga bai yarda in yanka sabon yadi ba tukuna. Aikina gyara: a rage, a saki, a canza zif. Ranar da na fara, doka ɗaya ya ba ni. In aka kawo riga a rage, ba a yanke abin da ya yi saura. Naɗe shi ake yi ta ciki a bi da ɗinki, shi muke kira rara. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Mutum yana dawowa. Wadda ta rame bana za ta zo baɗi ta ce ka saki. In ka yanke, da me za ka saki, da bakinka?"

To, Yayata.

Yaya babbar mace ce, irin wadda in ta zauna a kujerar zaman mutum biyu ba a tambayar ko da sauran wuri. Gado ne, Mama ma haka take. Tana aikin karɓar kuɗi a gidan burodi, kullum ta dawo mayafinta na ƙamshin bota. In ta yi dariya a ɗakinta maƙwabta kan aiko a tambayi abin da aka samu. Ita ta goye ni, ita ta fara marina, ita ce kuma ta biya kuɗin makarantar da na gudu na bari, ba ta taɓa yi mini gori ba sai sau ɗaya a sati.

Sai ga Mai Agogo. Ni na sa masa sunan, saboda ba ya gama jimla bai duba hannunsa ba. Yana da shagon sayar da tayil. Dogo ne siriri, wandonsa kullum da kari, takalminsa ba ya sanin ƙura. Gaskiya ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi. Har ƙasa yake gaida Mama, shi ke kawo mata maganin hawan jini kafin ya ƙare. Zuwansa na uku Mama ta fara ce masa "ɗana", abin da ni sai na yi rashin lafiya take ce mini.

Kyautarsa ta farko ga Yaya agogo ce mai ƙirga taku, a haɗe da wayarsa. Ta biyu sikeli. Ta uku wani ɗan faranti fari mai zanen fure a gefe, wanda na ɗauka na ɗora kofi ne.

Daga nan saƙonni suka fara. Kafin ta ci komai sai ta ɗauki hoton farantin ta tura masa, ta jira. Wani lokaci ya rubuto "Yawwa gimbiyata." Wani lokaci ya rubuto "Rage." Da farko Yaya wayo take yi, ta ɗauki hoton a ɗan farantin, in ya amsa ta juye a babba ta ƙara, muna dariya. Sai ya koma kiran bidiyo. Ta jingina wayar da kofi, yana daga shagonsa yana lissafin tayil yana kallonta tana tauna kokwamba.

Na yi wa Mama magana sau ɗaya.

"Mama, wannan fa ba asibiti ba ne."

"Kai dai ba ka san kulawa ba. Ubanku har ya bar duniya bai san ko na ci ko ban ci ba."

"To ai kin rayu."

"Rufe mini baki. Shekara nawa yarinyar nan tana zaune, ƙawayenta suna kai yara makaranta? Yanzu Allah ya kawo mai so, kai da ko shaidar gama makaranta ba ka da ita za ka kawo mini ra'ayi."

Da an ambaci shaidar gama makaranta a gidanmu, na san an rufe taro.

Haka Yaya ta fara kawo mini rigunanta. Wata ya yi, ta miƙo leda: "Auta, ɗan kama mini nan." In kama, in naɗe rarar ta ciki. Bayan kwana biyu ta dawo da riga ɗayar, in ƙara kamawa, in ƙara naɗewa. Akwai wata koriya mai dogon hannu da ƙananan maɓallai a wuya, wadda ta fi so, da kuɗin albashinta na farko ta ɗinka. Na rage ta har gefenta ya yi kauri kamar an cusa igiya. In na riƙe ta a hannu sai in ji kusan rabin Yayata na naɗe a cikin ɗinkin.

Dariyar ma ta ragu, amma wannan ba ni na kama ba.

Yanzu maganar waƙa. Mai Agogo yana duba wayar Yaya duk zuwa, wai masoya ba su da sirri. Shi ya sa ta koma aron tawa. Ta ce mini kallon ɗinkuna take. Ta shige ɗaki da iyafis ɗina a kunne, ta fito ido ja, ta ce hasken waya ne.

Kun san halin waya, abin da aka kalla shi take ta kawowa. Ina shago wata safiya na buɗe don in ga ƙwallayen jiya, sai ga wata mata. Ba a nuna fuskarta, sai hannunta a kan tebur da taga a bayanta. Ba kiɗa, ba amshi. Magana kawai take a hankali kamar mai karanta sakamakon gwajin jini:

"Ya ce in turo hoton farantina.
Na turo.
Ya ce wa zai ci duk wannan?
Na duba ɗakin, ni kaɗai ce."

Na ce a raina wannan kuma waƙa ce ko ƙorafi? Ni abin da na sani, a ɗan zaman da na yi a aji, waƙa sai ƙarshen layi ya yi kama da na ɗan'uwansa. Wannan ko ƙoƙari ba ta yi ba. Na wuce ta. Na duba ƙwallo. Na dawo na sake sa ta.

Kafin azahar na saurari duk abin da matar ta ɗora. Akwai wadda take cewa:

"Ya sayo mini rigar wata mata,
ya ce in na zama ita in kira shi."

Nan na taka keke ba zare a allura, na yi layi guda na huda wa mutum wando a banza. Oga ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Me kake ji?"

"Waƙa."

"Waƙar me ce take sa mutum ya yi fuskar zaman makoki?"

Na cire iyafis na sa masa ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, almakashi a hannu. Ya ce, "Wannan ai ba ta da lafiya." Ya ci gaba da yanka. Can ya ce, "Sake sa ta rigar nan."

Ni ban san yadda ake yabon waƙa ba. Ba zan ce muku ta yi zurfi ko ta yi faɗi ba. Abin da na sani, wata da watanni ina kallon Yaya tana jingina waya da kofi, ina ganin abin kamar wani shirme na masoya, irin wanda ake yi wa dariya a wuce. Sai da wata baƙuwa ta faɗe shi a layi huɗu ba tare da ta ɗaga murya ba, sannan na ji kunya ta kama ni, ban ma san kunyar wa ba.

Har ni ma abin ya taɓa. Akwai wata yarinya mai sayar da katin waya a bakin layinmu, da muke ɗan gaisawa fiye da yadda sayen kati ke buƙata. Kullum da rana nakan tura mata, "Kin ci abinci?" Ranar na rubuta, na zauna ina kallon saƙon, na goge. Da la'asar ta rubuto, "Lafiya yau ba a tambaye ni ko na ci ba?" Na ce, "To me kika ci?" Ta ce, "Ina ruwanka." Hankalina ya kwanta.

Ana haka aka sa ranar biki. Sati ɗaya da sa rana, sai ga motar Mai Agogo a ƙofar shago. Ya shigo da leda biyu, ya gaida Oga da hannu biyu, ni kuma ya dafa kafaɗata.

"Ƙanina, ana ta fama?"

"Ana ta yi, Yallaɓai."

Leda ta farko farin yadi ne mai duwatsu, na rigar amarya. Ya buɗe waya ya karanto wa Oga awo. Oga na rubutawa da alli a kan tebur, da aka zo ƙugu ya tsaya.

"Wannan awon waye?"

"Nata ne."

Ni na san ƙugun Yaya fiye da lambar wayata. Ko a yanzu da ta rame, da sauran tafiya mai nisa kafin wannan lamba. Na ce, "Yallaɓai, ba za ta shiga ba."

Ya yi murmushi, ya duba agogo. "Ku dai ku ɗinka. Za ta same ta."

Leda ta biyu kayan Yaya ne, koriyar rigar a sama. Ashe ya biya ta gida, Mama ta haɗo masa. Ya juya rigar ciki waje da kansa, ya nuna kaurin gefen da yatsa ɗaya.

"Jiya na lura da wannan a jikinta. Mene ne?"

"Rara ce."

"Amfaninta?"

"Ko za a saki wata rana."

"Yawwa. Abin da ba na so ke nan. In ta san akwai wurin komawa, za ta koma. A yanke duka. Don ita nake yi, ƙanina, wata rana za ta gode mini."

Bai ɗaga murya ba. Bai taɓa ɗaga murya ba, shi ne abin. Ya yi sallama har da yi wa Oga fatan ciniki.

Na kalli Oga, mai doka. Oga ya kalli farin yadin, wanda ɗinkinsa zai biya hayar shago. Ya goge allin da ke hannunsa a gaban riga.

"Farin yadi ba ya gudu, ya kwana biyu a nan. Koriyar kuma ta wa ce?"

"Ta Yaya."

"Shi ya ɗinka mata?"

"A'a."

"To mu mai riga muke tambaya. Ɗauki ka je. Kar ka daɗe, akwai zif uku suna jiranka."

Na sa rigar a leda, na ɗauki almakashi da reza na tafi gida.

Na tarar Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa, wata kuma na kan wuta. Yaya na ɗakinta, ranar ba ta da aiki. Tana zaune a bakin gado da wata doguwar riga ruwan toka, agogon a hannunta ya yi mata yawa har ta ƙara huda madaurin. Sikelin na ƙarƙashin madubi. Ɗan farantin na kan akwati, an wanke an kife.

Na ajiye rigar a gefenta, na ajiye almakashin a kai.

"Ya ce a yanke rarar."

"Na sani, ya turo mini."

"To?"

"To ka yanke mana. Sai ka zo har gida?"

"Oga ya ce mai riga ake tambaya."

"Ga shi ka tambaya."

"Ni ba zan iya ba. Ga almakashi, ki bi layin nan, ba wuya."

Ta kalli almakashin ba ta taɓa ba. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa. Ban shirya abin da zan ce ba, sai bakina ya ce, "Na ji waƙoƙin matar nan."

"Wace mata?"

"Mai taga."

Ta ɗago ta kalle ni. Sannan ta ce, "Wa ya ce ka saurara?"

"Wayata ce, Yaya."

"Ɗan sa ido kawai."

"Ta iya. Sai dai ban ji daɗin ta ƙarshen ba."

Ta ƙarshen gajeruwa ce, kuma na san Yaya ta san ta, don wayata ta nuna an maimaita ta har ba adadi:

"Shinkafar ta huce.
Ina zaune.
Bai amsa ba tukuna."

Yaya ta ce, "Me ya same ta?"

"Ba ta ƙarasa ba. Ta ci ko ba ta ci ba? Haka kawai ta bar mace a zaune gaban abinci ta kashe bidiyo."

"Haka ake waƙa. Ba komai ake faɗa ba."

"A wurinmu in ka bar zare yana lilo haka, Oga sai ya jefe ka da tef."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ba irin ta da ba, amma dai dariya ce. Sai ta ja rigar ta ɗora a cinya, ta juya gefen, tana bin layukan ɗinkin da yatsa. Layi bayan layi, kowanne na ciki da na baya.

"Duk wannan ni ce?"

"Duk ke ce. Ban zubar da ko zare ba."

"Auta, in na ce a'a, ka san abin da zai biyo baya. An sa rana. Mama ta gaya wa kowa har da mai kawo ruwa."

"Na sani."

"Kuma yana sona. Ba wanda ya taɓa damuwa da ni haka."

Ina da amsa, amma ni ne na bar makaranta, kuma ni ban kai talatin ina jin ana tambayar Mama "ya ake ciki" a kowane taro ba.

"Jiya," in ji ta, "ya ce bayan biki zan bar gidan burodi. Wai ƙamshin ma yana sa ƙiba."

"Ƙamshi."

"Ya ce ya karanta."

Daga tsakar gida Mama ta ɗaga murya, "Abinci ya sauka. Ke, kawo ɗan farantin naki."

Agogon hannun Yaya ya yi ƙara. Wayarta ta yi haske a kan gado, na hango saƙon daga inda nake: "Gimbiya, lokaci ya yi. Ina jiran hoto."

Ta ɗauki almakashin. Ta juya shi, ta miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Ba ka zo da reza ba?"

Na ba ta. Ba ta iya ba, ta kusa yanka yatsa, sai na riƙe mata gefen na ja, ita tana bin zaren. Layin farko ya tafi. Na biyu. In ana farke tsohon ɗinki akwai wata 'yar ƙara da yake yi, ƙas ƙas ƙas, ita kaɗai ake ji a ɗakin. Muka gama gefe ɗaya muka juya ɗayan. Yadin da ya daɗe a naɗe ya fito korensa ya fi na waje duhu, rana ba ta taɓa shi ba.

Ta ce in juya baya. Da na juyo tana tsaye gaban madubi, ƙafa ɗaya a gefen sikeli. Rigar ta yi mata yawa ta ko'ina. Kafaɗa ta zubo, ƙugu na iyo, kamar yarinya ta saci kayan uwarta.

Hannuna da kansa ya tafi aljihu neman fil. Na ce, "Bari in ɗan kama miki kaɗan, ko da nan ne."

"Bar ta."

"Yaya, ta yi yawa fa."

"Na ce ka bar ta. Zan same ta."

Ta fita tsakar gida a haka, zare na lilo a gefenta. Ta bar ɗan farantin a ɗaki, ta ɗauko babban tire na silba da ake fitarwa in an yi baƙi. Ta zuba shinkafa, ta zuba miya, ta tsamo nama biyu, ta tsaya, ta tsamo na uku wanda na san nawa ne. Mama na riƙe da ludayi tana kallo.

"Ke, lafiya? Baƙi za a yi?"

"Ni kaɗai ce."

"Wannan wace irin shiga ce kuma? Auta, me ka yi wa rigar?"

"Mai riga ce ta ce."

Yaya ta zauna a tabarma, ta gyara tiren ya samu haske sosai, ta ɗauki hoto. Ba ta so na farko ba, naman bai fito ba, ta sake. Ta tura. Muka ga alamar ya buɗe. Sai rubutun nan na sama ya fito, yana rubutu. Ya ɓace. Ya sake fitowa.

Mama ta ajiye ludayin a hankali. "Ki jira ya amsa mana."

"Zai huce," in ji Yaya.

Ta yi bisimilla ta kai loma. Wayar ta fara ruri, kiran bidiyo, hotonsa da farar riga yana murmushi. Ta jingina ta da kofi kamar kullum, amma ba ta ɗaga ba. Ya katse. Ya sake kira. Ya katse.

Sai tawa wayar ta ɗauki ruri a aljihu. Na ciro, shi ne. Na nuna wa Yaya.

Ta haɗiye, ta share baki da hannun koriyar rigar da ya zubo mata har kan yatsu.

"Ɗaga," ta ce. "Ka ce masa ina cin abinci."